Shaƙiƙa ko ciwon ɓarin kai: wanne za mu riƙe?

'Yan'uwa, a makon jiya na raka gwaggona asibiti a nan Jidda, saboda ciwon kai da ya hana ta tafiya Makka yin Umara. Kwana biyu ta yi kwance a ɗaki mai duhu, ta ɗaure goshi da ɗankwali, ko ƙamshin turaren wuta ba ta iya jurewa. Da likita ya saurare ta sai ya ce shaƙiƙa ce, ita kuwa ta juyo ta tambaye ni abin da ya haɗa ƙanwarta da wannan ciwo.

Mu mazauna nan mun saba da wannan kalma ta Larabci, kuma tana da asali mai daraja, domin ta zo a hadisin Ibn Abbas da Bukhari ya ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) ya yi ƙaho a kansa yana cikin harami saboda shaƙiƙa. Amma Bahaushen da ya zo daga Kano ko Maraɗi 'yar'uwa yake ji idan an faɗe ta, maigiren na Turawa kuma ba ya nuna masa komai.

Ni dai ina goyon bayan mu tsaya a kan ciwon ɓarin kai. Wani ɗan'uwa ya ce sunan bai cika ba, tunda ciwon yakan kama kai duka, musamman ga yara. Gaskiya ne, sai dai kalmar Turawan ma daga Girkanci ta samo asali, kuma ma'anarta rabin ƙoƙon kai, Larabawa kuma suna cewa suda'un nisfi. Abin da ya fi damuna shi ne a bar shi da sunan ciwon kai kawai, domin wannan suna ne yake sa mutum ya yi ta haɗiyar Panadol, alhali shan irin wannan magani kwana 15 ko fiye a wata yana iya haifar da nasa ciwon kan. Wanda ya san ciwonsa yana da suna, yana bugawa kamar ganga, yana ɗaukar awa 4 zuwa 72 tare da tashin zuciya da ƙin haske, shi ne zai nemi likita ya duba masa maganin da ya dace da na rigakafi, ya kuma kiyaye rashin barci da yunwa da ƙishirwa a zafin Hijaz.

Kada kamancen suna ya sa a haɗa shi da shanyewar ɓarin jiki. Ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya da tsanani, ko ya zo da raunin hannu ko karkacewar baki ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, asibiti ake kai shi nan take.

Saura walƙiyar da wasu ke gani a ido kafin ciwon ya sauka. Ina ba da shawarar mu kira ta goshin ciwo, kamar yadda muke cewa goshin azumi.