Ladabi a zangon Kumasi: taƙaitawar abin da aka faɗa a wata tattaunawa kan batun

1. An haɗu a kan gaisuwa: ka ce “ina kwana” kafin buƙatarka, ko koko za ka saya a unguwar Aboabo.

2. Sallama a ƙofa, “gafara” in za ka ratsa mutane.

3. Hannun hagu ne aka fi jaddadawa. Ba a miƙa kuɗi ko nuna mutum da shi, Asantawa ma haka suke. In dama na riƙe da kaya, ka nemi afuwa tukuna.

4. An rabu kan durƙusawa: dattawa na ganin tarbiyya ce, wasu malamai suka ce rusunawa ga Allah kaɗai take, sassauta murya ya isa. Ga ra'ayin malaman na fi karkata.

5. Babba “ku” ake ce masa, Baba ko Hajiya, banda sunan yanka.