Muhawara: lissafin kwanaki da Cocin Katolika ke koyarwa yana hana ciki kuwa?

Mai shagon magani, Kusiri: Salamu alaikum jama'a. Tazarar haihuwa ta lissafin kwanaki da Cocin Katolika ke koya wa masu shirin aure ba kimiyya ba ce, addini ne tsagwaronsa. An hana mace ƙwaya, an hana ta allura, ashanar hannu, robar mahaifa da kwaroron roba, sannan an ce ta ƙirga kwana. Alƙaluman da ma'aikatan lafiya suka daɗe suna aiki da su sun nuna cikin mata 100 masu bin wannan hanya, kusan 24 na ɗaukar ciki a shekarar farko. Masu ashana ko ɗaya ba su kai ba. A Cadi, ƙiyasin 2020 ya ce sama da mata 1,000 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000. Wanda ke da ja, ga fili ga mai doki.

Ungozoma, Marwa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Adadin 24 ɗin nan akwai shi, amma jakar magori ce. An zuba duk wadda ta ce "ina lissafi" a ciki, da wadda aka zaunar aka koya mata da wadda ta tsinta a bakin maƙwabciya. Hanyoyin kuma ba ɗaya ba ne. Tsohuwar ita ce ta kalanda, wadda ta fito daga binciken Ogino na Japan da Knaus na Ostiriya a shekarun 1920. Mace za ta rubuta tsawon zagayen al'adarta na wata 6 aƙalla, daga ranar da jini ya fara zuwa jajiberin jini na gaba. Ta cire 18 daga mafi gajarta, ta cire 11 daga mafi tsawo. In gajeren kwana 26 ne, dogon 31, ranakun haɗari su ne daga ta 8 zuwa ta 20. In kuwa gajeren 24 ne, dogon 35, daga rana ta 6 ke nan har ta 24, kwana 19 cur. Aibinta shi ne tana auna watan da ake ciki da watannin da suka wuce, shi kuwa jiki ba ya bin kalanda. Ita ce ta shafa wa sauran baƙin jini.

Likitan mata, Njamena: A kan "ba kimiyya ba ce" kam, Alhaji, ka yi kuskure. Ƙwan mace ba ya wuce awa 12 zuwa 24 da rai bayan ya fito. Maniyyi na iya kaiwa kwana 5 a jikinta in ya sami ruwan da ke riƙe shi. Binciken da aka buga a Amurka a 1995 ya tabbatar da cewa ranakun ɗaukar ciki 6 ne: biyar kafin fitar ƙwai da ranar fitarsa. Bayan ƙwai ya fita, sinadarin furojestaron na ɗaga zafin jiki da digiri 0.2 zuwa 0.5. Da wannan ilimin muke taimaka wa masu neman haihuwa. Gardamar da ta cancanci a yi ita ce ko hanyar ta dace da matan da ke gabanmu.

Malamar ajin shirin aure, Garwa: Na gode Likita. Abin da ake koyarwa yanzu duba alamar jiki ne, galibi tsarin likitocin Ostireliya John Billings da matarsa Evelyn, wanda aka faro a Melbon a 1953. A gafarce ni, dole a yi maganar a fili. Mace za ta lura da abin da take ji a gabanta tsawon yini tana harkokinta, ba sai ta taɓa komai ba, da dare ta sa alama ɗaya a takarda: jini, ko bushewa, ko danshi, ko santsi. Bayan al'ada yawanci akwai ranakun bushewa. Daga nan danshi ya fara, ya yi ta ƙaruwa har ya zama ruwa garai mai yauƙi irin na kuɓewa. Ranar ƙarshe ta santsi ita ce ƙololuwa, kuma ba a gane ta sai washegari, in an ga santsin ya ɗauke. Ƙa'idojin kuwa, ba saduwa a ranakun da jini ke zuba sosai, don a gajeren zagaye danshi kan fara jinin bai gama ɗaukewa ba. A ranakun bushewa, da dare kawai, kuma a riƙa tsallake dare ɗaya, saboda abin da ya rage na jiya yana rufe alamar yau. Da an ga canji, a dakata. Bayan ƙololuwa a ƙirga kwana 3 cikakku, daga na 4 har zuwan jini babu haɗari. Wadda ba ta karatu tana yi da launi ko zane.

Mai shagon magani, Kusiri: Malama, a takarda ya yi kyau. A ɗaki fa?

Likitan mata, Njamena: An gwada a ɗakin ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi wannan tsari a ƙasashe 5, Indiya, Filifin, El Salbado, Ailan da Niyu Zilan, aka buga sakamakon a 1981. Sama da kashi 90 cikin 100 na matan sun gane alamar tun zagayen farko, har da waɗanda ba su yi makaranta ba. Cikin da aka ɗauka alhali an bi ƙa'ida daidai bai kai 3 cikin 100 a shekara ba. Amma jimillar duka ta kai kusan 22, kuma kimanin 15 daga ciki ma'auratan sun san ranar haɗari ce suka sadu. Sauran kuskuren fahimta ne ko ƙarancin koyarwa.

Mai shagon magani, Kusiri: To ai kun gama mini aikin. Hanyar da sai miji ya yi haƙurin kwana 10 ko 12 kowane wata, ta miji ce, ba ta mace ba. Direban babbar mota ya yi mako biyu tsakanin Ngawundare da Njamena, ya dawo ya tarar da takarda ta ce yau santsi. Wa zai saurari takarda? Allurar wata 3 ba ta neman izinin kowa da tsakar dare, kuma ko da latti da mantuwa, kusan 4 cikin 100 ne.

Fada (limamin Cocin Katolika), Yagwa: Salama gare ku. Alhaji ya taɓo inda gizo ke saƙa, sai dai akwai gyara. Ikilisiya ba ta taɓa cewa ta zaɓi wannan hanya don ta fi allura aiki ba. Hujjarta ta ɗabi'a ce. A wasiƙar Humanae Vitae da Fafaroma Paul na 6 ya sa wa hannu ranar 25 ga Yuli 1968, an ce kwanciyar aure na ɗauke da abu biyu da ba a raba su, haɗin kan miji da mata da kuma buɗe ƙofa ga haihuwa. Sashe na 10 ya amince cewa ma'aurata na iya jinkirta haihuwa, har ba iyaka, saboda lafiya ko halin aljihu ko yanayin zama. Sashe na 16 ya halatta amfani da ranakun da ba a ɗaukar ciki. Sashe na 15 ya ce maganin da aka ba mace don wata cuta halal ne ko da zai hana ciki, muddin ba hana cikin ake nufi ba, don haka wadda aka rubuta wa ƙwaya saboda yawan zubar jini ba ta yi laifi ba. Ba na ɓoye cewa a cikin gida ma an yi ja-in-ja: kwamitin da Fafaroma John na 23 ya kafa a 1963, mafi yawan membobinsa sun ba da shawarar a sassauta a 1966, Paul na 6 bai karɓa ba. Ɗaya daga cikin likitocin da suka samar da ƙwayar ma, John Rock, ɗan Katolika ne. Masu cewa Coci na son a yi ta zuba 'ya'ya, Fafaroma Francis ya ba su amsa a Janairun 2015, da ya ce zama ɗan Katolika nagari ba ya nufin haihuwa kamar zomo.

Malamin Islamiyya, Ngawundare: Fada, barka da ƙoƙari. A wajenmu, hadisin Jabir ya tabbatar da cewa sahabbai na yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, a lokacin da Alƙur'ani ke sauka, kuma mafi yawan malamai sun yi ƙiyasin hanyoyin wucin gadi a kansa, da sharaɗin yardar matar da rashin cutarwa. Abin da ya shige mini duhu shi ne, mai lissafi da mai shan ƙwaya niyyarsu ɗaya, kada ciki ya shiga. Ina bambancin? Kuma a gidan mai mata biyu ko uku, rabon kwana bai san ranar santsi ba.

Fada, Yagwa: Malam, niyya ɗaya ce, aikin ne ya bambanta. Mai lissafi bai sauya komai a saduwar ba, ya dai ƙaurace mata a wasu ranaku, kuma ƙauracewa da yardar juna ba zunubi ba ne. Ɗayan ya yi saduwar sannan ya toshe abin da za ta haifar. Shi ya sa azalu ma bai halatta a wajenmu ba. Mutum na iya ƙin yarda da wannan hujja, Angilikan ma sun rabu da mu a kai tun taron bishop-bishop ɗinsu na Lambet a 1930, amma ba ma'aunin asibiti ne zai yanke ta ba. Sashe na 17 na wasiƙar Humanae Vitae kuma ya yi gargaɗin ranar da gwamnatoci za su tilasta wa talakawa, an kuwa gani a Indiya tsakanin 1975 da 1977, da Peru a shekarun 1990.

Likitan mata, Njamena: Tilas laifi ne, ba mai musu. Amma Fada, ga mai wuyar. Mace an yi mata tiyatar haihuwa sau uku, tabon mahaifa ya yi siriri. Ko wadda zuciyarta ta kumbura bayan haihuwa ba ta koma daidai ba, cutar da aka daɗe da sani a ƙasar Hausa, wadda ake dangantawa da wankan jego da kunun kanwa. Ciki na gaba na iya zama ajalinta. Me za a ce mata?

Fada, Yagwa: Koyarwar ba ta sauya ba, kuma na san nauyinta. Ɗaure bututun ƙwai don hana ciki bai halatta ba. Cire mahaifa ya halatta in ita kanta ce ke barazana ga rai a lokacin, kamar ta fashe ko jini ya ƙi tsayawa. Haka ofishin koyarwa na Batikan ya amsa a 1993. Macen da miji ya tilasta wa kuwa, alhakin na wuyan mijin.

Malamar ajin shirin aure, Garwa: Irin wannan ana ba ta tsari mafi tsauri: ba saduwa sam kafin fitar ƙwai, sai bayan alama biyu sun haɗu. Ta auna zafin jiki da farkawa, kafin ta sauko daga gado, a lokaci ɗaya kullum, da ma'auni mai nuna lamba biyu bayan digo. Sai an ga awo 3 a jere sun haura 6 da suka gabace su, na ukun da digiri 0.2 aƙalla, sannan kwana 3 na bayan ƙololuwa sun cika. A Jamus an bi mata 900 masu haɗa alamomin biyu, sakamakon 2007 ya ba da 0.4 cikin 100 in an kiyaye, 1.8 gaba ɗaya.

Likitan mata, Njamena: Matan Jamus ba sa zazzaɓin cizon sauro, Malama. Daga Yuli zuwa Oktoba, zazzaɓin kwana biyu ya isa ya nuna wa mace ƙwai ya fita alhali bai fita ba. Mai tashi shayarwa sau uku cikin dare awonta ba abin dogaro ba ne. Ciwon sanyi kuma na kawo ruwan da ke rikita alamar danshi, sai an yi magani an sake lura. Ga wadda ciki zai kashe, ni ashana ko robar mahaifa zan faɗa mata a matsayin mafi aminci, in kuma gaya mata alƙaluman ɗayar hanyar ba ragi. Zaɓi nata ne da imaninta.

Ungozoma, Marwa: Duk kun tsallake inda kwanika ta fi faruwa, wato bayan haihuwa. Shayarwa na kare mace kashi 98 cikin 100 in sharuɗɗa uku sun cika tare: jariri bai kai wata 6 ba, al'ada ba ta dawo ba, kuma nono ne abincinsa dare da rana, ba a wuce awa 4 da rana ko 6 da dare ba a ba shi ba. Jinin kwana 56 na farko ba a lissafa shi al'ada. Wannan kam Fada da Malam duk sun yarda da ita. Inda take lalacewa shi ne bazara, Maris zuwa Mayu, zafi ya haura digiri 40, kaka ta ce yaro na jin ƙishi, a fara ruwa, a bi da kunu, tsotso ya ragu, ƙwai ya fita kafin a ga jini ko sau ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya na son wata 24 tsakanin haihuwa da sabon ciki, shayarwa ta rufe 6, saura 18.

Mai shagon magani, Kusiri: Sai a ba ta carbin tazara mana, tunda shi Coci bai hana ba.

Ungozoma, Marwa: Ba nan take ba, Alhaji. Carbin nan na Jami'ar Jojtawun ta Amurka ƙwaya 32 ne: ja ranar farkon jini, farare 12 daga rana ta 8 zuwa ta 19 su ne na haɗari, sauran ruwan ƙasa. Kusan 5 cikin 100 in an kiyaye, 12 a yadda mutane ke yi. Amma na mai zagayen kwana 26 zuwa 32 ne kawai. In jini ya zo kafin zoben robar da ake matsarwa ƙwaya ɗaya kullum ya kai ƙwaya mai duhu da ke kusa da ƙarshen carbin, ko aka ƙare carbin bai zo ba, sau biyu a shekara, ba nata ba ne. Mai shayarwa sai ta ga al'ada sau 4, tazarar ƙarshe ta faɗa cikin 26 zuwa 32. Kafin nan abin da ya rage mata shi ne tambaya biyu kowane dare: na ga danshi yau? na gani jiya? In ɗaya ta zama e, ranar haɗari ce. Malama, ajin naku kafin aure ake yi, a lokacin ba mai jego a cikinsu. Ku sa wani zama ranar awon sati 6 bayan haihuwa, kuma a ce miji ya zo da ƙafarsa.