Lambar shasi ko tsohon ƙarfe: da wanne ake sayen kayan sitiyari?

Mai Bedford: Salamu alaikum jama'a. Bedford TJ ɗin da na gada wajen mahaifina, wadda ke ɗauko dankali daga Bokkos zuwa Farin Gada, sitiyarinta ya fara wasa. Sai ka juya kusan taƙi guda kafin taya ta amsa. Na tura lambar shasi Ƙofar Ruwa a Kano aka aiko da kan tayarod biyu (tayarod shi ne sandar da ke haɗa tayoyin gaba), ko ɗaya bai shiga ba.

Ɗan Dilimi: Alhaji, jabu aka haɗa ka da shi. Lambar shasi ba ta ƙarya. Da ita muke sayar da kaya kullum a shago, ba a taɓa dawo min da shi ba.

Bakaniken Farin Gada: Ƙanena, ga motar da ba a taɓa ba ke nan. Lambar tana gaya maka yadda mota ta baro Ingila ne, ba ta san hannun da ya bi ta kanta a Jos ba. Alhaji, wace shekara ce motar?

Mai Bedford: Takardu sun ce 1968, Oga.

Tsohon Direba: To ai magana ta fito. A 1968 hannun hagu muke bi, sitiyari na dama. Ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Gowon, aka koma hannun dama, ina yaron mota lokacin. Daga baya aka yi ta mai da sitiyari hagu a gareji. Akwatin sitiyarin dama ba ya zama a hagu, dole a samo wani, kuma abin da aka samu shi ake ɗaurawa. Yanzu a wane gefe naka yake, ɗana?

Mai Bedford: Hagu, Baba.

Ɗan Dilimi: Ko da an canza akwati, Baba, tayarod na can ƙasa tsakanin tayoyi biyu. Me ya haɗa shi da gefen direba?

Bakaniken Farin Gada: Nan kana da gaskiya, sandar da ta taso daga akwati zuwa taya ce ke canzawa. Amma wa ya ce maka aksil ɗin gaba na asali ne? Da kayan Bedford suka yi wuya, an yi ta cusa musu na Marsandi 911, don shi a lokacin kamfanin ANAMMCO na haɗa shi a Inugu, kayansa ko'ina. Bedford na wancan zamani da inci ake auna zarensa, Bajamushe da milimita. Bakwai bisa takwas na inci milimita 22.2 ne. Ajiye shi kusa da mai 22, idonka ba zai raba su ba. Zai ci zagaye biyu ko uku ya cije, mai gaggawa ya sa dogon sifana ya kashe zaren. Ga kuma sandar tayarod kanta, gefe ɗaya zaren dama, ɗaya na hagu. Sannan tsinin da ke shiga rami, idan faɗinsa bai zauna daram ba, noti zai ɗaure amma ƙarfe na rawa a ciki.

Yaron Gareji: Oga, a sa washa a cike gurbin mana, ko a ɗan taɓa da walda.

Tsohon Direba: Kai yaro, ka taɓa gangara Hawan Kibo da lodi? Kar na sake jin walda a kan tayarod.

Bakaniken Farin Gada: Ni ma ban yarda tayarod ne kaɗai ba. Alhaji, a bar tayoyi a ƙasa, yaro ya riƙa kaɗa sitiyari, kai ka kwanta ka ga inda motsi ke ɓacewa. Sannan a ɗaga da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi ƙwas-ƙwas, kinfin ne (ƙarfen da taya ke karkata a kansa in an juya sitiyari) ko boris. Abin da ya mutu a kwance shi, a kai kasuwa a hannu.

Mai Bedford: Na shiga ƙarƙashi yanzu, na kankare giris da wuƙa. Akwai tauraron Marsandi a jikin aksil ɗin, da wasu lambobi kusa da shi.

Ɗan Dilimi: Ka gani? Lamba dai! Turo min su.

Bakaniken Farin Gada: Ta shasi ka ce ɗazu.

Ɗan Dilimi: Oga, lamba lamba ce. Alhaji, ka zo da tsohon ma, mu gwada a gabanka.