Musayar Waƙa: Magajin Gari da Mabusan Ƙahon Tagulla a Holan

Malam Na-Tudu:
'Yan uwa, maudu'in yau dattijon Holan ne, irin wanda ke riƙe da ƙaramin gari kuma yake ɗawainiyar ƙungiyar mabusa. Ga nawa, mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah nake farawa,
Ƙasar Holan yau muke dubawa,
Magajin gari, Sarki ke naɗawa,
Shekara 6 wa'adi ke cikawa,
Sarƙar azurfa yake ratayawa.

Da rana majalisa yake zaunarwa,
Da dare gun mabusa yake leƙawa,
Ba ya busa, lissafi yake bitawa,
Kuɗin haya, da kakin da ke koɗewa,
Da ladan malamin da ke koyarwa.

Hajiya Mai Alƙalami:
Malam, yau ka ban mamaki,
Mu mun san mai busa kakaki
Shi ke tsayuwa a ƙofar sarki.
Can kuma mai mulki ke aiki,
Yana nema wa mabusa kaki?
Yabo na mai huhu ne da baki,
Mai biro sai dai ya kalli biki.

Baban Zainab:
Ranki ya daɗe, ban ƙi batunki ba,
Amma Kerkrade ba ki duba ba.
Tsohon garin masu haƙar kwal ne a lardin Limburg, ba na hutu ba,
Ƙurar rami ba ta hana su busa ba.
A 1949 sun yi baƙin da ba su manta ba,
Mabusan Frickley na Ingila, su ma ba su bar rami ba.
A 1951 aka buɗe gasar kiɗa ta duniya a can, ba ta mutu ba,
Duk shekara 4 gari ba ya rasa baƙi ba.
A 1974 aka rufe ramin ƙarshe, busa ba ta rufu ba.
Wa ya rubuta wasiƙun gayya in ba mai biro ba?
Wa ya nemo wa baƙi makwanci ba su kwana waje ba?
Wa ya roƙo kuɗin mota bai ji kunya ba?
Sunansa ba ya jikin kofi, bai kuwa damu ba.

Autar Marubuta:
Baba, ka ba ni wuri in sa hannu.
Ran 4 ga Mayu jama'a sun taru,
Don tuna waɗanda a yaƙi suka mutu.
Dab da ƙarfe 8 na dare kowa ya kimtsu,
Ƙaho ɗaya tak ya tashi, zukata sun motsu,
Minti 2 gari duka ya yi shiru,
Magajin gari tsaye, furanni a hannu.
Yaron da ya busa, gwiwoyinsa sun kaɗu,
In murya ta fashe, abin kunya ya faru.
Wa ya kai ƙahon gyara tun Afrilu?
Sannan taken ƙasa, Wilhelmus, ya tashi, duka suka haɗu.

Hajiya Mai Alƙalami:
'Yata, baitinki ya ratsa ni,
Na ba mai biro rabinsa, ku ji ni,
Rabin na mai busa ne, ku bar ni.
Sai dai wani abu ya dame ni:
Ana ta haɗe ƙananan gundumomi, ku gani,
Sun haura 1,100 a farkon wancan ƙarni,
A 2023 saura 342, ku tuna ni.
In ofis ya koma can wani birni,
Wa zai san mabusan ƙauye, ku faɗa mini?

Malam Na-Tudu:
Hajiya, tambayarki ta yi nauyi,
Haɗe gundumomi ba ya zuwa da sauƙi.
A Firislan ta arewa, ƙasar iska da sanyi,
Ƙauyen Buitenpost na da mabusan De Wâldsang, suna ta yi,
Ƙauyen Oenkerk na da De Bazuin, ba su yi rauni ba a yi.
Abin da ke ci mini rai, shi ne magaji:
Yara na son ƙaho, suna son tafi,
Littafin kuɗi kuwa kowa ya ƙi.
Autar Marubuta, ke ce matashiya, ki ji,
Wa zai ɗauki biron in dattijo ya gaji?