Sun hana ni katin bashi, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Ƙungiyar ajiya da lamuni da albashina ke shiga ta ƙi ba ni katin bashi, alhali ban taɓa cin bashin kowa ba. Wasiƙarsu ta ce tarihin bashina bai kai ba, kuma a Experian, kamfanin da ke tattara tarihin bashin mutane, suka duba. To ta ina zan samu tarihi idan an hana ni farawa? Abin na damuna ƙwarai.

An ce in nemi katin jingina, in ajiye kamar dala 300, ita ce iyakar abin da zan kashe. Tsorona kada sabon nema ya rage min makin da ake auna cancantar samun bashi da shi. Ko in fara karɓar rahoton tarihin bashina na kyauta daga Experian kafin kwana 60 da samun wasiƙar su cika? Don Allah wanda ya sani ya haska min.