Tambaya ga masana fizik: wane sakamako ne ya tsaya, wanne ne ya rushe?

Mushen Tarminal, unguwar Zariya, Maraɗi:

Assalamu alaikum, ƴan uwa malamai da ɗalibai na wannan zaure. Ina koyar da fizik da shimi a wata lise a nan Maraɗi, kuma akwai wani al'amari da ya daɗe yana damuna wanda nake roƙon waɗanda suka fi ni zurfi su taimaka mini a kansa. A ƙarshen watan Yuli na 2023, muna tsakiyar darussan hutu, labari ya bazu cewa wasu masu bincike a Koriya ta Kudu sun haɗa wani sinadari mai suna LK-99 wanda wutar lantarki ke ratsawa ba tare da wata turjiya ba, kuma a cikin zafin ɗaki, babu buƙatar a sanyaya shi. Na yi murna ƙwarai, na shafe rabin darasi ina bayyana wa ɗalibai cewa idan wannan ya tabbata, wutar da ke ɓata a kan wayoyi kafin ta iso gidajenmu za ta daina ɓata. Da aka koma makaranta a watan Oktoba, wata ɗaliba ta miƙo mini salularta cikin ladabi, ta nuna mini cewa maganar ta rushe tun cikin watan Agusta. Na ji kunya, domin ni ne na kai musu labarin da bakina.

Tun daga nan ɗalibai ba su daina kawo mini irin waɗannan labarai ba. Wannan ya ce an gano sabon ƙarfi na biyar, bayan huɗun da fizik ta sani, ta hanyar ƙwayar miyon, wancan ya ce a Amurka an kunna irin wutar da ke cikin rana kuma an ci riba. Tambayata ita ce, a cikin sakamakon binciken ƴan shekarun nan, a fannin daskararrun abubuwa da fannin ƙananan ƙwayoyi, wanne ne ya tsaya da ƙafarsa, kuma da wace alama malami irina zai gane wanda ya dace ya shiga da shi aji?

Malama Ƴar Tasawa:

Wa'alaikumus salam, Mushe. Allah ya saka da alheri da ka fito da wannan tambaya fili. Kada kunyar ta dame ka, domin a makonni biyun farko manyan ɗakunan bincike da yawa sun ajiye aikinsu sun shiga gwada LK-99. Zan tsaya a kan daskararrun abubuwa, wanda shi ne fannin da na karanta.

Rashin turjiya tsohon al'amari ne. Heike Kamerlingh Onnes ne ya fara ganinsa a birnin Leiden na ƙasar Holan a 1911, lokacin da ya sanyaya zaiba zuwa wajen digiri 269 ƙasa da sifiri. Tun daga ranar, dukan gwagwarmayar ita ce a rage yawan sanyin da ake buƙata. A 1986 Bednorz da Müller, a ɗakin binciken IBM na Zurik, suka buɗe ƙofar wasu sinadarai masu jan ƙarfe a ciki, kuma a shekara mai bi aka sami wanda ke aiki a sanyin ruwan nitirojin, wato digiri 196 ƙasa da sifiri, wanda ya fi ruwan heliyom araha nesa ba kusa ba. A 2015 ƙungiyar Mikhail Eremets a Mainz ta Jamus ta kai abin zuwa wajen digiri 70 ƙasa da sifiri, a 2019 kuma aka kai kusan digiri 23 ƙasa da sifiri da wani sinadari na lantanom da haidirojin. Wasu ɗakunan bincike sun maimaita waɗannan biyun, amma akwai sharaɗi mai nauyi wanda kanun labarai ke yawan tsallakewa: sai an matse ɗan ƙwayar sinadarin tsakanin duwatsun lu'ulu'u biyu da matsin da ya ninka na iskar da ke kanmu fiye da sau miliyan ɗaya da rabi. Babu wanda zai ja waya daga Katsina zuwa Maraɗi a cikin irin wannan matsi.

Shi kuwa LK-99, abubuwa biyu ne suka ruɗi mutane. Na farko shi ne hoton bidiyon da aka ga wani gutsure yana ɗagowa a kan maganaɗisu, alhali gefensa ɗaya yana taɓa ƙasa, kuma abubuwa da dama da ba su da alaƙa da rashin turjiya suna iya yin haka. Na biyu shi ne faɗuwar turjiya da aka gani a wajen digiri 104 na zafi. Masu bincike a Sin da Amurka suka lura cewa wani gurɓataccen haɗi na jan ƙarfe da farar wuta, wanda ke samuwa a cikin kwaɓin lokacin da ake gasa shi, yana sake tsarinsa daidai a wannan zafi. Da Cibiyar Max Planck ta Stuttgart ta fitar da tsantsar sinadarin babu gurɓata, sai ga shi ko wutar ma ba ya bari ta wuce. Ka lura kuma cewa takardun farko an saka su ne a rumbun arXiv, inda ake ajiye bincike kafin masana su tace shi.

Sai dai tacewar ma ba ta wanke komai. Mujallar Nature ta buga takardu biyu daga wata ƙungiya a Jami'ar Rochester, ɗaya a 2020 ɗaya a 2023, masu da'awar rashin turjiya a kusa da zafin ɗaki, kuma duka biyun an janye su. Don haka alamar da na fi dogara da ita ita ce, wani ɗakin bincike dabam, wanda ba shi da hannu a cikin da'awar, ya haɗa abin da kansa ya ga sakamako iri ɗaya.

Idan kana neman abin da ya ci wannan jarrabawa kuma zai burge ɗalibai, ga girafen. Shimfiɗa ce ta gawayi mai kaurin zarra guda, wadda Geim da Novoselov suka ɓanɓaro a Mancesta a 2004 da salatif daga irin baƙin da ke cikin fensir. A 2018 ƙungiyar Pablo Jarillo-Herrero a jami'ar MIT ta Amurka ta ɗora shimfiɗa biyu ɗaya kan ɗaya, ta juya ta biyun da kusurwar digiri 1.1, sai turjiya ta ɓace a matsanancin sanyi. An maimaita wannan a wurare da yawa. Kana iya ɗora gidan sauro ninki biyu a gaban taga ka ɗan juya ɗaya, ɗalibai za su ga manyan zane-zane sun bayyana, kuma irin wannan zanen ne ke sauya tafiyar elektoron a cikin girafen.

Injiniya Bagalam:

Mushe da Malama, barkanku da ƙoƙari. Na yarda da bayanin Malama, amma ina so in ƙara cewa a fannin ƙananan ƙwayoyi maimaitawa tana da wuya, domin wata na'urar guda ɗaya ce tak a duniya. Shi ya sa suka kafa ƙa'idar sigma biyar, ma'ana yiwuwar a ga irin wannan alama ta hanyar dace kawai bai wuce kusan ɗaya cikin miliyan 3.5 ba. Da wannan ma'auni aka sanar da gano ƙwayar Higgs a CERN, babbar cibiyar binciken ƙananan ƙwayoyi ta Turai, ranar 4 ga Yuli 2012, kuma abin da ya ƙara mata ƙarfi shi ne ƙungiyoyi biyu, ATLAS da CMS, kowace da na'urarta, sun gan ta a wuri guda.

Amma sigma tana tsare ka ne daga dace kaɗai. Duk wanda ya saba sayen gero a kasuwa ya san cewa idan tiyar ta lotse, ko sau dubu aka auna da ita amsa ɗaya za ta bayar, kuma amsar karkatacciya ce. A watan Satumba na 2011 gwajin OPERA ya ba da rahoton cewa wasu ƙananan ƙwayoyi masu suna nutirino da aka harba daga CERN zuwa Gran Sasso a Italiya, tazarar kilomita 730, sun riga haske isa da nanosakan 60, wato kashi 60 cikin biliyan na sakan guda. Bayan ƴan watanni aka gano cewa wata wayar haske ce ba a ɗaura ta da kyau ba. A Afrilun 2022 kuma ƙungiyar CDF ta Fermilab, cibiyar binciken ƙwayoyi a Amurka, ta ce nauyin ƙwayar W ya haura hasashen babban tsarin lissafin ƙwayoyi da sigma bakwai, amma awon da CMS ta fitar a Satumban 2024, wanda kaifinsa ya yi kusan daidai da na CDF, ya faɗa kan hasashen.

Batun miyon da ɗalibinka ya kawo ya bambanta da waɗannan, kuma a ganina shi ne ya fi cancantar darasi. Miyon kamar elektoron take, sai dai ta fi shi nauyi sau 207, kuma rayuwarta ba ta wuce kashi biyu da ɗan wani abu cikin miliyan na sakan guda ba. Idan aka sa ta cikin maganaɗisu tana yin layi kamar yadda katantanwa ke yi lokacin da take juyawa, kuma saurin wannan layin ake aunawa. A 2021 Fermilab ta sanar da saɓanin sigma 4.2 tsakanin awo da lissafi, daga nan ne maganar ƙarfi na biyar ta tashi. A watan Yuni na 2025 suka fitar da sakamakonsu na ƙarshe, da kuskuren da bai wuce kashi 127 cikin biliyan ba, kuma awon bai gusa daga inda yake ba. Lissafin ne ya gusa. Masu nazari sun koma ga wata hanya ta daban da ake bi da manyan kwamfutoci, sabon hasashen kuma ya zo ya dace da awon. Saboda haka masu awo ba su yi kuskure ba, amma hujjar ƙarfi na biyar ta yi rauni ƙwarai.

Game da wutar rana kuwa, gaskiya ne ranar 5 ga Disamba 2022 a Livermore ta Kaliforniya hasken leza 192 ya kai megajul 2.05 (megajul ma'aunin makamashi ne) kan ɗan ƙwayar makamashin, aka sami megajul 3.15, kuma an sake yin hakan sau da dama daga baya. Amma wutar da aka ja don kunna lezar ta kai wajen megajul 300. Ka ba ɗalibai waɗannan lambobi uku su yi rabon da kansu.

Mai Pano, Sabon Gari:

Malamai, ku yi mini afuwa, ni karatuna bai kai naku ba, sana'ata ɗora pano da haɗa batir a gidaje da garake. Ina karanta bayananku da sha'awa, amma ina jin kamar duk abin yana faruwa ne a wata duniya. Wane ne daga cikin binciken nan zai iso hannun irina? Na ji ana maganar wani sabon pano mai ba da wuta fiye da wanda muke sayarwa, shin shi ma labarin LK-99 ne?

Malama Ƴar Tasawa:

Malam Mai Pano, sana'arka tana tsakiyar wannan fanni, domin pano da ampul ɗin LED da ke shagonka duka ƴaƴan fizik na daskararrun abubuwa ne. Shuɗin LED, wanda ya sa aka sami farin haske maras cin wuta, shi ya jawo wa Akasaki da Amano da Nakamura kyautar Nobel a 2014. Ba mu ma rasa namu a wannan hanya ba, domin marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929 kuma jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana shugabancin ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar, yana bincike kan amfani da zafin rana.

Abin da ka ji wani sinadari ne da ake yin pano da shi, ana kiransa ferobiskayit, kuma ba labarin ƙanzon kurege ba ne. A 2009 kashi 3.8 cikin ɗari na hasken rana kawai yake mayarwa wuta. Da aka fara shimfiɗa shi a kan silikon, kowanne yana kama nasa launin haske, kamfanin LONGi na Sin ya kai kashi 33.9 a 2023, alhali silikon shi kaɗai ba zai iya wuce wajen kashi 29 ba, kuma ɗakin awo mai zaman kansa ne ya tabbatar da lambar. Sai dai wannan ƙaramin gutsure ne a ɗakin bincike, an auna shi a digiri 25. Raunin ferobiskayit shi ne zafi da laima suna lalata shi da sauri fiye da silikon, kai kuma ka fi ni sanin yadda pano ke ƙuna a kan kwano a watan Afrilu, da yadda ƙurar hunturu ke rufe shi. Ranar da aka kawo maka shi, ka fara tambayar garantin shekara nawa aka rubuta, ka gwada da shekara 25 da ake ba na silikon.

Mushen Tarminal:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Mako mai zuwa za mu shiga babin maganaɗisu, don haka zan fara da katantanwa da labarin miyon, lambobin Livermore kuma zan ba su a matsayin aikin gida. Malama, gidan sauron da kika ambata, ko wanda muke ratayawa zai yi, ko kuwa sai mai ƙananan ramuka irin na taga? Malam Mai Pano, idan kana da tsohon pano ƙarami wanda har yanzu yake aiki, ina so in ara na kwana biyu, mu auna wutar da yake bayarwa da hantsi da kuma da azahar, sannan mu zuba masa ruwa mu sake aunawa.