Wace kalma za mu ba "rapport" na malami da ɗalibai?

Mai shirin ilimi: Salamu alaikum malamai. Gobe da safe zan ɗauki shiri a rediyo kan makin da ɗaliban jami'a ke ba malamansu a ƙarshen zango. Takardar da ke hannuna ta Ingilishi ce, tana cewa "rapport" ɗin malami da ɗalibai na ɗaga makinsa ko bai fi wani iya koyarwa ba. Ta kawo binciken Ambady da Rosenthal na 1993: an nuna wa mutane bidiyon malamai na daƙiƙa 30 babu murya, sai hukuncinsu ya zo kusa da na ɗaliban da suka yi zango guda a ajin. Me zan ce?

Ƴar Zango: Kada dai ka bar ta yadda take. Nan Damagaram in ka ce rapor, rahoton sufeto za a ji. Sa "shaƙuwa".

Tsohon mushe (malamin makaranta): A'a ƴata. A ce a rediyo malami ya shaƙu da ɗalibarsa? Kafin azahar an kai maganar wani wuri. Jituwa.

Ɗan Birni: Jituwa ta kishiyoyi ce, Baba. Abin da ake nufi, malam ya san sunanka, ya tsaya bakin aji bayan darasi, ka yi tambayar wauta bai yarfa ka ba. Na daɗe ina cewa "haɗin-jini".

Ƴar Zango: Sai ka ce asibiti! "Ɗasawa" fa?

Ɗan Birni: Wannan ta samarin Kano ce. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma kullum sai mun jira Kano ta tauna ta ba mu? Ɗalibin Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram bai cancanci kalmar gida ba?

Tsohon mushe: To haɗin-jinin wa ka taɓa ji ya faɗa a kasuwar Dole? "Jininsu ya haɗu" kowa ya sani, amma wannan haɗuwa ce daga Allah. Abin da takardar ke faɗi malami ne ke gina shi da gangan, wani ma don a ba shi maki.

Ɗan Birni: Kowace kalma wani ne ya fara faɗinta.

Mai shirin ilimi: Malamai, dare ya yi. Zan ce "jituwar malami da ɗalibai", in bi ta da bayanin sakin fuska da sanin suna.

Ɗan Birni: Shirinka ne. Amma ka ambaci tawa ko sau ɗaya, mu ji abin da masu kira za su ce.